Bayan Saki: Me Ke Sa Wani Uban Ya Riƙe 'Ya'yansa, Wani Ya Yi Ɓatan Dabo?

Duk wanda ya wuni a bencin kotun shari'ar Musulunci a Kano ko Zariya ko Gusau, ko a ofishin Hisba, zai ji ƙorafi biyu suna ta maimaita kansu. Na farko daga bakin mace: "Tun da ya ba ni takardata bai ƙara aiko wa yaran nan da ko ƙwayar hatsi ba." Na biyu daga bakin namiji: "An hana ni ganin 'ya'yana, in na je sai a ce ba sa nan." Sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa, kuma kan yara ɗaya suke magana.

An saba ɗora bayanin kan halin mutum, a ce wane mai tsoron Allah ne, wane kuma ba shi da imani. Akwai gaskiya a ciki, domin akwai mazan da tun auren yana raye ba su san ciwon iyalinsu ba. Amma wannan bayani ba ya amsa wani abu da ake gani a kusan kowace unguwa: mutum ɗaya, ya rabu da mata biyu a lokuta daban-daban, 'ya'yan ɗaya yana biya masu kuɗin makaranta har suna kwana a gidansa, 'ya'yan ɗayar kuwa ya shekara uku bai sa su a ido ba. Halinsa ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne hanyar da zai bi ya kai ga yaran, da mutanen da ke tsaye a kan hanyar, da kuma yadda aka bar al'amarin a watannin farko na rabuwa.

A fara da abin da shari'a ta tsara, domin yawancin rikicin daga jahiltarsa yake tasowa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke aiki da ita, reno haƙƙin uwa ne. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare a gidan miji. Idan uwa ta yi wani auren ta tare, renon ba ya faɗawa hannun uba kai tsaye kamar yadda ake zato. Yana komawa ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, a bi ta dangin uwa mata, sannan kaka ta wajen uba, kafin a zo kan uban. Ko an zo kansa ma, sai yana da macen da za ta kula da yaron. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo labarin Sayyidina Umar da ɗansa Asim: bayan ya rabu da mahaifiyar yaron, ya same shi yana wasa a harabar masallaci a Ƙuba, ya ɗora shi a kan dabbarsa zai tafi da shi. Kakar yaron ta biyo shi, suka je gaban Sayyidina Abubakar, ya ce Umar ya bar mata yaron, Umar bai ƙara cewa uffan ba.

To me ya rage wa uba? Ciyarwa, tufatarwa, kasonsa na matsuguni, da kulawa da tarbiyya da karatu. Aya ta 233 a Suratul Baƙara da aya ta 6 da ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ sun ɗora masa wannan gwargwadon ƙarfinsa, har da ladan shayarwa ga wadda aka rabu da ita. Namiji yana kan wuyansa har ya balaga yana iya nema, mace har mijinta ya tare da ita. Wato matsayin da shari'a ta ba uba bayan saki shi ne na mutumin da ke ɗawainiya da ɗan da yake kwana a ƙarƙashin wani rufin, yana zuwa yana duba shi, yana kai shi makaranta, yana tsawata masa, sannan ya mayar da shi.

Al'adarmu kuwa ba ta tanadi wannan matsayi ba. Abin da al'ada ta sani shi ne "ɗa na uba ne," kuma ma'anar hakan a aikace ita ce ɗa na gidan uba ne. A wasu wurare da zarar an yaye yaro za a aiko a ɗauke shi, a wasu a jira ya kai shekara 7. A Nijar ma, inda ba a samu nasarar kafa dokar iyali ta bai-ɗaya ba duk da yunƙurin da aka yi a farkon shekarun 1990 da kuma 2011, kotuna na komawa ga al'ada a shari'un iyali, kuma tunanin iri ɗaya ne a Maraɗi da Damagaram. Namijin da ya taso da wannan tunani yana ganin zaɓi biyu ne kawai a gabansa: ko yaran su dawo hannunsa ya ciyar da su, ko su zauna wajen uwarsu ita ta ji da su. Shi ya sa za ka ji magidanci yana cewa, da zuciya ɗaya, "In tana son in ciyar, ta kawo mani 'ya'yana." Bai ɗauki kansa azzalumi ba. A ganinsa ciyar da ɗa a gidan wani kamar biyan haya ne a gidan da ba ya ciki. Mafi yawan janyewar iyaye maza daga wannan giɓi take fitowa, tsakanin abin da littafi ya ce da abin da namiji ya ga an yi a gidansu.

Watanni ukun farko suna da nauyin da ba a cika lura da shi ba. Aya ta farko a Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da wadda aka saka daga ɗakinta, ta kuma hana ta fita, sai ta gama idda. A aikace, a ranar da aka miƙa takarda a ranar take barin gida, wani lokaci cikin dare, da goyo a baya da wani a hannu, washegari a turo mota a kwashe kaya har da labule. Ana yawan ambaton cewa zaman idda a ɗaki yana buɗe ƙofar kome. Yana da wani amfanin kuma ko da ba a koma ba: lokaci ne da zafin rai ke sauka, manya su shiga tsakani, a zauna a yi magana kan yaran. Idan aka rabu baram-baram, babu wanda ke tayar da zancen. Dangin mace na jira su ga ko zai aiko, shi kuma yana jira a neme shi. Kowane mako da ya wuce a haka yana ƙara wa ziyarar farko nauyi, har ta zama abin da sai an yi shiri da ɗan rakiya.

A duba yadda ziyarar take kasancewa idan ta samu. Mutum ya je ƙofar gidan tsohon surukinsa da la'asar. Ba zai wuce zaure ba, wataƙila ko zauren ba zai shiga ba. Ya samu wani yaro a waje ya aika, "Je ka ce ana sallama da Abba." A ɗauki minti goma sha biyar ana wanke wa Abba fuska, ana shafa masa mai, ana canja masa riga, domin kada a ce an bar shi da dauɗa. Ya fito ya durƙusa ya ce ina wuni, ya sunkuyar da kai. Uban ya tambayi makaranta, ya ce lafiya lau. Ya tambayi ƙanwarsa, ya ce tana barci. Maƙwabta na zaune a dakali suna kallo, tsohon suruki ya fito zai tafi masallaci ya amsa gaisuwa da ƙyar. Uban ya miƙa ledar biskit da 'yan canji, ya juya. Ba a yi minti goma ba. Babu abin da ya faru a wannan tsayuwa da ya yi kama da zaman uba da ɗa, kuma namiji ya koma gida yana jin an wulaƙanta shi a kan abin da yake ganin nasa ne. Kaɗan ne ke jure maimaita wannan kowane mako har shekara.

Ga kuma abin da ya riga sakin. A gidajenmu da yawa, alaƙar uba da ƙananan yara ta hannun uwa take bi. Ita ta san lambar takalminsu, da sunan malaminsu na Islamiyya, da abincin da ke sa su amai. Ita ke cewa, "Ku je ku gai da Baba," ita ke isar da buƙatarsu in dare ya yi. Ga kunyar ɗan fari, wadda ke hana wasu ko kiran sunan yaro balle wasa da shi a gaban mutane. Da zarar an cire uwar daga tsakani, sai namiji ya tarar bai taɓa zama shi kaɗai da ɗansa na awa guda ba, bai ma san me zai ce masa ba. Mafi raunin alaƙa ita ce ta wanda ya saki mace da ciki ko da ɗanyen goyo. Ya aika da ragon suna, wataƙila ya raɗa sunan, amma bai taɓa kwana gida ɗaya da jaririn ba. A ɗaya ɓangaren, uban da ya saba ɗaukar yara a babur ya kai su makaranta da safe, ko yake tafiya da su masallacin Juma'a, ko yake zaunar da ɗansa a shago ranar Asabar, yana da wani aiki nasa na kansa da zai iya ci gaba da yi ba tare da ya shiga gidan kowa ba. Irin wannan ne ya fi saurin samun madafa.

Sai dai shaƙuwa ita kaɗai ba ta isa ba, wani lokaci ma ita ke kora. Wani masani mai suna Edward Kruk, da ya yi bincike kan iyaye maza da suka rabu da matansu a Kanada da Birtaniya, ya tarar da cewa waɗanda suka fi shaƙuwa da 'ya'yansu lokacin aure suna cikin masu yanke zuwa daga baya, saboda raɗaɗin komawa baƙo a wajen ɗan da ka saba kwana da shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Akwai mai cewa, "Duk ranar da na je, yarinyar nan kuka take yi in zan tafi, gara in bar ta ta saba." Yana ganin sauƙi yake yi mata. Yarinyar kuma abin da ta fahimta shi ne ta yi kuka, Baba ya daina zuwa.

Maganar kuɗi ita ce ta fi cin rai, kuma ba rashi ne kaɗai matsalarta ba. Magidancin da ke tuƙa Adaidaita Sahu, ko leburan gini, ko ɗan tireda, kullum yake samu kullum yake ba da cefane. Manomi kuma daga rumbu yake ɗiba. Tukunya ɗaya ce, ba a taɓa ware na yaro daban ba. Yanzu an ce ya tara kuɗi dunƙule ya aika ƙarshen wata, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ga shi kuma zai shiga hannun wadda yake jin haushi. Nan da nan zargi ya shigo: da kuɗina take zubin adashi, da kuɗina take kwalliyar zawarci. Sai ya ce a riƙa turo yaran su ci abinci a gidansa su koma. Malaman Malikiyya sun daɗe da rufe wannan ƙofa. Sun ce mai reno ce ke karɓar abin ciyarwa, kuma uba ba shi da ikon cewa a turo yaro ya ci a wajensa, saboda wahalar da hakan ke jawo wa yaron, ga shi yunwa ba ta da lokaci.

Daga nan sai kunya ta karɓi aikin. Wata guda ya wuce bai aika ba saboda kasuwa ta tsaya. Ba zai je ganin yara hannu rabbana ba, da wane ido zai kalli mutanen gidan? Ya ce sai ya haɗa na wata biyu. Na wata biyu ya fi ƙarfinsa, na wata uku ya zama bashi. Ya daina ɗaga waya. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da hauhawar farashin abinci da ta kai kusan kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, magidanta da yawa sun faɗa wannan rami, ciki har da masu albashi, tunda mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Dangin uwa kuma sukan ƙara tura shi ciki ba da niyya ba, idan suka ce ba zai ga yara ba sai ya kawo kuɗi. Ana iya fahimtar haushinsu, su ke ɗauke da nauyin. Amma ƙulla gani da biya yana sa a rasa duka biyun, domin wanda yake ganin ɗansa da tsagaggen takalmi ya fi kusa da ya saya masa sabo a kan wanda ba ya ganinsa.

Mata da yawa ba sa ma neman haƙƙin. Wata tsoro take ji, saboda an riga an gaya mata, "In kika kai ni kotu zan karɓe 'ya'yana," kuma ba ta san cewa neman ciyarwa ba ya zubar da reno ba. Wata mahaifinta ne ya ce ba sa buƙatar komai daga hannun wanda ya wulaƙanta masa 'ya. Wata kuma ta hanyar kul'i ta fita, wato ta ba mijin wani abu ya sake ta, kuma domin ta samu kanta ta amince ta ɗauki ɗawainiyar goyon da ke hannunta ko ta sauka daga renon gaba ɗaya, sharuɗɗan da mazhaba ta halatta amma ake karɓa cikin matsi. A duk waɗannan, namiji ya samu abin da zai faɗa wa kansa da mutane: ba a nema ba.

Sabon aure, ta kowane ɓangare, shi ne mahaɗar da aka fi rasa uba a kanta. Idan matar ce ta yi aure ta tafi da yaro, ya zama agola a gidan wani, ƙofar da uban zai tsaya yanzu ta wani namiji ce. Zuwansa na iya jawo wa matar fitina, a ce har yanzu yana bibiyarta, kiran waya ma ya zama abin tuhuma. Mutumin kirki sai ya ja baya don kada ya kashe mata aure, kuma jan bayan ya zarce. Idan kuma ta bar yaron wajen kakarsa, an samu sauƙi ta wani fannin, amma tsohuwa ce ke riƙo, sau da yawa ba ta da ƙarfin da za ta matsa wa uban. Shirin auren zawarawa da gwamnatin Kano ta fara tare da Hisba a 2012, wanda aka ci gaba da shi har aka aurar da ma'aurata 1,800 a 2023, ya share hawayen mata da dama. Amma kowane irin wannan aure yana tayar da tambayar inda 'ya'yan auren farko za su kwana da wanda zai ciyar da su, kuma wannan tambaya ta cancanci a amsa ta a rubuce kafin a ɗaura. Haka lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya kawo batun dokar iyali a 2017, hayaniyar jama'a ta tafi ne kan hana talaka ƙara aure, yaran da aka riga aka haifa aka rabu a kansu ba su samu irin wannan muhawara ba.

Idan namijin ne ya yi aure, aljihun bai ƙaru ba, bakuna sun ƙaru. 'Ya'yan da ke gabansa suna kuka yana ji, na nesa kuwa sai an tuna masa. Amarya ko uwargida na iya ganin duk abin da ya fita zuwa wancan gida a matsayin alamar bai manta da tsohuwar matar ba, sai ya koma aikawa a ɓoye, abin da ake yi a ɓoye kuma ba ya ɗorewa. Nisa ma na taka rawa. Mazhaba ta ce idan waliyyin yaro zai yi ƙaura ta dindindin zuwa wuri mai nisan baridi 6, kimanin mil 72, yana da damar tafiya da yaron. An yi hukuncin ne don kada a raba ɗa da kulawar ubansa, amma wasu na riƙe da shi a matsayin barazana. Akasin haka ya fi yawa: ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, ya canja lambar waya, shi ke nan.

Akwai kuma uban da ake lissafawa cikin waɗanda suka riƙe 'ya'yansu alhali ya fi kowa janyewa. Shi ne wanda ya ƙwace yaran don ya ƙona wa uwarsu rai ko don gudun biyan ciyarwa, ya damƙa su ga matarsa ba tare da ya nemi shawararta ba, ya fita bayan asuba ya dawo bayan isha'i. Matan uba da yawa suna riƙo tsakani da Allah, a faɗi wannan. Amma inda aka samu akasi, uban ne na ƙarshe da ke sani. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yi, yarinya 'yar shekara 8 ta zama ita ce mai wanke-wanke da talla da rainon ƙannen da ba cikinsu ɗaya ba, in an yi faɗa kullum su ne da laifi. In ƙorafi ya yi yawa sai a ce a kai namijin makarantar allo a wani gari. Karatun allo gadonmu ne, kuma ba kowane almajiri ne ɗan sakakkiya ba. Sai dai tura yaro ɗan shekara 6 don a samu zaman lafiya a gida, ba guzuri ba ziyara, yasarwa ce da aka lulluɓe da sunan karatu.

Wani nazari da Paul Amato da Joan Gilbreth suka wallafa a 1999, inda suka tattara sakamakon bincike 63 kan iyaye maza da ba sa zaune da 'ya'yansu, ya nuna cewa yawan ziyara shi kaɗai ba ya da wani babban tasiri a kan yadda yaro ke tasowa. Abin da ya yi tasiri shi ne biyan kuɗin ɗawainiya, da kusancin zuciya, da kuma uban ya riƙa yin aikin uba: duba karatu, sauraro, sa iyaka. Yanayin Amurka daban ne da namu, can ana iya cire kuɗin daga albashi, nan mafi yawan mutane ba su da albashin. Amma sakamakon ya yi daidai da abin da littattafan fiƙihu suka ɗora wa uba tun da daɗewa.

Inda aka ga uba ya ɗore, in aka bincika, kusan kullum za a tarar da wata mace a danginsa da ta riƙe zumuncin. Mahaifiyarsa ce ko yayarsa, wadda za ta iya shiga har ɗakin tsohuwar matar ta zauna a sha ruwa, ta ɗauko yara ranar Juma'a su wuni a gidanta, uban ya zo ya same su a inda shi ma ɗan gida ne. A can zai ci abinci kwano ɗaya da ɗansa, ya duba littafinsa, ya ga ƙurjin da ke ƙafarsa. Zumunta a ƙafa take, kuma a tsarin gidajenmu ƙafar goggo da kaka tana shiga inda ta uba ba ta isa. Masu sulhu da suka gane wannan sukan fara da tambayar wace ce a danginsa har yanzu suke gaisawa da matar, kafin su tambayi nawa zai riƙa bayarwa.

Yarjejeniyar da ke ɗorewa tana da wasu siffofi. Ana yin ta da wuri, cikin idda ko watan da ke biye, a gaban mutum biyu daga kowane ɓangare, a rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Ana raba ɗawainiyar gida-gida maimakon a ambaci kuɗi dunƙule. Abinci a auna shi da kwano, a ce kwano kaza na masara ko gero, kaza na shinkafa, kaza na wake, da kwalbar mai da kuɗin cefane, domin naira 10,000 da aka yanke a 2022 ba ta sayen abin da take saya a lokacin, kwano kuwa kwano ne. Mai samun kullum a bar shi ya riƙa bayarwa mako-mako, manomi ya auna na watanni da kaka. Kuɗin makaranta, zango uku a shekara, uban ya biya kai tsaye ya karɓi rasit, wannan yana kashe zargi kuma yana sa malamai su san fuskarsa. Tufafi a ɗaure su da sallah ƙarama da babba. Asibiti a fayyace: wa za a kira, kuma idan uwa ta biya cikin gaggawa a cikin kwana nawa za a mayar mata. Abin da za a aika na kuɗi ya bi ta banki ko mai POS don ya bar shaida. Ranar gani da wurin gani a ambace su da suna, haka rabon hutun makaranta, kuma a rubuta ƙarara cewa jinkirin biya ba ya soke ranar gani. A ƙarshe a faɗi abin da zai faru in ta yi aure ko in ya bar gari, tun kafin hakan ta taso.

Sannan a kai takardar gaban alƙali ya mayar da ita hukunci, ko da an rabu lafiya. Dalilin yana cikin fiƙihun kansa. A Malikiyya, ciyar da 'ya'ya yana faɗuwa da wucewar lokaci, ba ya taruwa ya zama bashi, sai idan alƙali ya riga ya yanke shi, ko wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi ba kyauta ba. Macen da ta yi haƙuri shekara biyar tana sayar da awara tana ciyar da yara, sannan ta je kotu neman na baya, tana iya tarar da cewa ba ta da abin kamawa sai daga ranar da ta shigar da ƙara. Akwai makamancin wannan a ɓangaren reno: wanda renon zai koma gare shi, idan ya san uwar ta yi aure ta tare ya yi shiru har shekara guda ba tare da uzuri ba, ya rasa damar karɓa. Hukuncin kotu shi ma ba ya aiwatar da kansa. Sai matar ta koma ta yi ƙorafi, a fitar da sammaci, a nemo mutumin, kuɗin mota da zirga-zirga wani lokaci su fi abin da ake bi, shi ya sa tsarin da dangi suka sa hannu a kai ya fi wanda aka ƙaƙaba.

Abu na ƙarshe da ke sauƙaƙa wa namiji tafiya shi ne ya san ba abin da zai rasa. "In ya girma zai nemi ubansa," haka ake cewa, kuma tsarin yana tabbatar da hakan. Sunansa yaron ke amsawa a makaranta. Takardar shaidar ƙaramar hukuma da za a nema don shiga jami'a ko aikin gwamnati ta garinsa ce. Ranar da yarinya ta samu miji, kawunnan da suka yi ɗawainiyarta shekara goma sha takwas dole su tashi su nemo shi, domin walicci nasa ne, masu neman aure kuma za su tambayi gidan ubanta. Zai karɓi sadaki ko ya wakilta ɗan'uwansa, a yi masa Allah ya sanya alheri, kuma da wuya a samu limami ko mai unguwa ko dattijon dangi da zai tambaye shi, tun kafin ranar, wa ya ciyar da ita.